Gayyar Riɗi a Sundimina

Riɗi ba ya jiran kowa. Dawa takan jira, gero yakan yi haƙuri. Shi kuwa riɗi, in ganyensa ya yi rawaya ya fara zuba, ya gama magana ke nan. Ka yanke shi da sauran ɗanyantaka, ka ɗaure, ka tsayar ya bushe, ka kaɗe abinka a kan tamfol. Ka yi jinkiri, kwanson ya buɗe baki yana tsaye, ya zubar maka da shekara guda a ƙasa. Abin da ya faɗi kuwa rabon tururuwa ne da kurciya.

Malam Salihu na Sundimina ya san haka tun bai fara sa wando ba. A bana ya zuba riɗi a babbar gonarsa ta gindin dutse, duk faɗinta, bai bar wa gero ko taki ɗaya ba. An yi masa magana, ya ce gonarsa ce. Riɗin kuwa ya yi kyau har masu wucewa suna rage tafiya. Tuwon gidan na shekara duk yana kan waɗannan karare, domin da shi za a sayo hatsin da ba a shuka ba.

Sai gwiwa ta ci amanarsa. Ta kumbura kamar tulu, daidai lokacin da ganye ya fara rawaya.

Ita gayya ba a aika ta. Mai gona ne ke takawa da ƙafarsa gida-gida, ya yi sallama, ya miƙa goro. Wanda ya karɓa ya kai baki ya ɗaure kansa. Ranar aiki ko zazzaɓi yake yi sai ya zo da laujensa, in ya kasa ya turo ƙanensa. Haka uban Malam Salihu ya yi, haka shi ma ya saba yi. Yanzu ga goro a ƙwarya an lulluɓe da jiƙaƙƙen algarara, ga ƙafa ta ƙi.

Ana cikin haka ɗansa Khuzaima ya iso a kan babur daga Birnin Kudu, inda yake tsaron kemis. Ɗan fari ne, don haka uban ba ya kiran sunansa. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya dubi gwiwar, ya dubi goron.

"Baba, wa yake yawo da goro yanzu? Ai akwai guruf."

"Akwai me?"

"Guruf. Kamar zaure ne a cikin waya. Duk samarin garin nan suna ciki, da na maƙwabtanmu Wurno, har waɗanda suke Legas."

"Na Legas ɗin da laujensu suka tafi?"

"Baba, magana ɗaya za ka yi, kowa ya ji a lokaci guda."

"Wa ke share zauren?"

Khuzaima ya yi dariya. Uban bai yi ba. Amma ya sake duban gwiwarsa, ya ga ba ta da niyyar sauka, sai ya yarda aka kara masa wayar a baki kamar za a ba shi magani.

Ya ce, "Salihu ne. Riɗi ya nuna. Laraba. A zo da lauje."

"Baba, ka ɗan ƙara da gaisuwa mana."

"Na gaishe su da na faɗi sunana."

Ba a jima ba wayar ta fara kuka, tana yi tana ƙarawa. Khuzaima ya juyo da fuskarta ya nuna masa. Wasu 'yan hannuwa ne jere, kowanne ya dunƙule ya ɗaga babban yatsa.

"Waɗannan fa?"

"Amsawa ce, Baba. Duk wanda ya ɗaga yatsa ya ce zai zo."

Malam Salihu ya matso da ido. "Me ya sa duk suka yi rawaya? Shawara ce ta kama garin?"

"Haka ake yin su."

"Kuma ban ga lauje a ko ɗaya ba."

Sai ga saƙon Sabo, sarkin samari, wanda shi ne mai riƙe da ƙofar wannan zaure da ba a sharewa. Ya yi magana mai tsawo kamar huɗuba. Ya ce Baba Salihu uban kowa ne. Ya ce ko ruwan wuta ake yi ranar Laraba, samarin Sundimina za su kwantar da riɗin nan kafin azahar. Ya ce gayya al'adar iyaye da kakanni ce, kuma ba a zamaninsa za ta mutu ba. Shi ma aka ɗaga masa yatsu, har sun fi na mai gonar yawa.

Dada, matar Malam Salihu, ta leƙo daga madafa. Ita tambayarta ɗaya ce.

"Baki nawa zan dafa wa?"

Khuzaima ya ƙirga yatsun ya ce sun haura sittin. Aka jiƙa dawa. Aka aika neman nono a rugar Fulani. Aka kama bunsurun da ake kiwo tun bara, shi da bai ɗaga wa kowa yatsa ba, aka yanka.

Abin da Malam Salihu bai sa a lissafi ba shi ne wutar lantarki, domin shi bai taɓa sa ta a lissafi ba. A 'yan kwanakin nan ta ɗauke a ƙasar gaba ɗaya, daga Birnin Kudu har Gwaram, ba wanda ya san ranar dawowarta. A Sundimina janaretan Maikuɗi mai caji ne gatan wayoyi. Shi ma aiki ya yi masa yawa, ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya ce ga garinku nan.

Ranar Laraba aka ɗora Malam Salihu a kan jaki tun da sassafe aka kai shi gona. Ya zauna a gindin ɗorawa ya miƙe ƙafa. Tukwane suka iso. Fura ta iso. Rana ta fito ta ɗaga. Ƙudaje suka zo da yawansu, su da ba a gayyata ba.

Mutum ɗaya ya zo da lauje, shi ne Obadiya. Mutumin Bogoro ne, Kirista, yana zaune a Gwaram yana haɗa sola a rijiyoyin burtsatse. Shi ya gyara ta Sundimina. Ba ya cikin guruf. Ya biyo duba gwiwar ne shekaranjiya, ya ji zancen daga bakin mai ita, aka ba shi goro ɗaya ya ci.

"Baba, ina kwana. Ina jama'a?"

"Suna cikin waya. Tambayi wancan."

Wancan ɗin, wato Khuzaima, yana tsaye yana danna tasa wayar. Ta mutu tun jiya. Yana dannawa dai, ko Allah zai sa ta ji tausayinsa.

Obadiya ya sosa ƙeya. "Ai kuwa na gan su a hanya, Baba. Babura uku-uku, wasu a bayan akori-kura. An ce akwai gidan mai a Birnin Kudu da ya tayar da inji, yana barin mutane su jona. Kowa ya rungume tasa kamar zai kai yaro asibiti."

Malam Salihu ya miƙa hannu aka ba shi lauje, ya ja jiki a zaune ya fara yankan abin da hannunsa ya kai. Obadiya ya sunkuya. Khuzaima ya cusa gawar wayarsa a aljihu ya sunkuya. Dada ta ɗaura ɗamara ta bi su tana ɗaurewa. Suka wuni a haka. Da la'asar, in ka tsaya a bakin gonar, sai ka ce ɓera ne ya ɗan gutsiri gefen waina.

Da iska ta kwanta kuma aka fara jin abin da Malam Salihu yake tsoro. Ƙas. Can kuma, ƙas. Kwanson ƙasa-ƙasa ya fara buɗewa.

Samarin suka dawo da yamma, suka biyo ta gida ba da haƙuri. Layi ya yi tsawo a gidan man, mai injin ya kashe abinsa kafin a kai kan mafi yawansu. Sun tafi da matattun wayoyi, sun dawo da su. Da yake tuwo ba ya ajiyuwa, Dada ta fito da shi. Suka ba da haƙurin da baki ɗaya, suka ci bunsurun da ɗayan.

Sabo ya gurfana, da maiƙo a leɓensa. "Baba, wallahi ba raini ba ne. Wayata ce ta mutu."

"Allah ya jiƙanta. Yaushe jana'iza?"

"Baba, ba za ka gane ba. Duk harkata tana ciki. Mai ɗaukar kayana a Kano ta nan yake nemana. Ko lambar matata ban haddace ba."

"Matar taka ba a gidanka take ba?"

"Tana nan."

"To leƙa ɗaki ka kira ta. Hannun naka fa? Tare suka mutu da wayar?"

Sabo ya sunkuyar da kai. Ya kuma ƙara tsoka ɗaya kafin ya tashi.

Bayan sun watse, Obadiya ya matso, yana juya hularsa a hannu.

"Baba, in faɗi wata magana, kar ka kore ni."

"Faɗi. Korar daga baya ce."

"Ina da farantan sola biyu da zan kai Fagam, ba a shirya karɓa ba tukuna. In na kawo su gonarka gobe na kafa, na ja soket, duk wanda ya zo aiki ya jona wayarsa."

Malam Salihu ya dube shi kamar ya zagi kabarin ubansa. "Ubana da goro ya kira gayya. Ni da sunana na kira. Yanzu kuma in kira ta da wutsiyar lantarki?"

Dada tana kwashe kwanuka, ba ta ko juyo ba. "Malam, in bazara ta yi, sunan naka zan tuƙa mana?"

Ya yi shiru. A gidan nan kowa ya san shirun Malam Salihu iri biyu ne, kuma wannan na izini ne.

Saura sanarwa, ga shi zauren ya rufe da masu shi a ciki. Dada ta yafa mayafi ta tafi bakin burtsatse, ta faɗa wa mace ɗaya cewa gobe akwai caji a gonar Malam, ta ce kar ta gaya wa kowa. Kafin a kira magariba an ji a Wurno.

Washegari gonar ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Mutane ta kowace hanya, a ƙafa, a keke, a babur. Sun ninka yatsun nan. Kowa da wayarsa, da ta matarsa, da ta uwarsa a ƙulle a bakin zane, wani har da fitila da rediyo. Ga wani malamin makaranta da takalmi sau-ciki. Ga wani da ya shekara yana cewa ciwon baya ya hana shi ruku'u, ya iso da gudu ya riga kowa.

Rabinsu ba lauje.

Malam Salihu ya sa aka zaunar da shi daf da soket, sandarsa a kan cinya.

"Ba lauje, ba caji."

"Haba Baba, daga nesa muke!"

"Laujen ma yana can nesa. Je ka ɗauko."

Aka ga manya da gemu suna tsere zuwa gida. Laujunan da suka yi tsatsa a saman rumbu suka ga rana a ranar. Obadiya ya jingina farantan nan biyu suna kallon gabas, ya ja wayoyin wuta, ya jera soket a kan tabarma. Aka kwantar da wayoyi reras kamar jarirai ranar rigakafi. Aka shiga riɗi.

Da farko abin gwanin sha'awa. Lauje na tashi, dami na tsayuwa. Har Malam Salihu ya ji wani abu ya saki a ƙirjinsa. Sai dai kowane ɗan lokaci wani zai yar da lauje ya rugo ya leƙa tabarma, ya koma.

Da hantsi wayar farko ta farfaɗo. Mai ita ya yi kabbara. Ya zare ta, ya kafa mata ido, ya bi ta tsakiyar riɗin da ba a yanka ba yana neman sabis, yana ture karare da gwiwa, ƙwaya na zuba a bayansa. Ya haye dutse ya ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Ta biyu ta farfaɗo. Ta uku.

"Baba, bari in je in dawo."

"Baba, ana nemana a gida."

Malam Salihu ya san wannan dawowar. Ya auna gonar da ido. Ko sulusi ba a ci ba. Ya auna tabarma. Wayoyin suna shan wuta kamar 'yan maruƙa, kuma duk wadda ta ƙoshi da mutum guda take tafiya. In aka bi haka, kafin azahar zai rage daga shi sai ƙudajen jiya.

Daidai nan Dada ta zo ta ɗora faifai a gefen farantin don ta sauke ƙwarya. Obadiya ya zabura.

"Inna, a'a! Kar ki rufe shi. Ko ganye ne ya kwanta a kai, wutar sai ta ragu. Batirin nan ya tsufa, ba ya ajiya. Abin da rana ta ba shi, shi yake bayarwa nan take."

Dada ta ɗauke faifanta tana mita. Malam Salihu ya dubi farantin. Ya dubi rana. Ya dogara sanda ya miƙe, karo na farko ba da taimakon kowa ba. Ya tuɓe babbar rigarsa, shuɗiya, mai kamu da yawa, ya girgiza ta, ya shimfiɗa a kan farantan biyu, ya bar ɗan gefe kamar faɗin tafin hannu. Ya ɗora dutse a kowace kusurwa. Ya koma ya zauna daga shi sai 'yar shara.

Obadiya ya buɗe baki. "Baba, rigarka..."

"Ta jiƙe."

"Ai ba a yi ruwa ba."

"Gumi."

Obadiya ya dube shi, ya dubi gonar, ya ja hula ya rufe fuska. Kafaɗunsa ne kawai ke rawa. Ya ɗauki laujensa ya yi can ƙarshen gona inda ba za a tambaye shi komai ba.

Aka ɗan jima ana aiki. Masu leƙe suka fara dawowa da fuska a yamutse.

"Kai, tawa tun ɗazu tana wuri ɗaya."

"Tawa ma ja da baya take yi."

Sabo ne ya gano. Ya tsaya a kan farantan, ya riƙe ƙugu, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Baba, wannan fa?"

"Riga."

"Mun san riga ce. A kan sola?"

"Inda na ga dama."

"Baba, wannan ba adalci ba ne. An ce mu zo mu yi caji."

"An ce ku zo ranar Laraba."

Mutane suka taru, kowa da lauje a hannu. Khuzaima ya raɓo yana raɗa, "Baba, don Allah, za su watse."

"Su watse su je ina? Gidan mai?"

Wani daga baya ya ce, "Rana dai ta Allah ce, Malam!"

"Ta Allah ce. A gonata ta sauka."

Sabo ya kai hannu zai ɗaga gefen rigar. Sandar ta sauka a ƙasa daf da yatsunsa, ƙura ta tashi. Ya janye. Duk garin ba wanda zai yaye rigar dattijo a gaban idonsa, ko wayar wa ce ke shure-shure.

Malam Salihu ya nuna da sandar. "Kun ga gidan tururuwar can, wajen kukar? In yanka ya kai can, in naɗe kamu ɗaya. In ya kai bakin dutse, in buɗe faranti guda. In kun gama, in sa rigata. Rana kuma tafiya take, ba ni na riƙe ta ba."

Kowa ya ɗaga kai ya dubi rana. Ta kusa tsakiya.

Tsofaffin Sundimina sun ce sun ga gayya a da, da makaɗa da kirari da 'yan mata masu guɗa. Ba su taɓa ganin irin wannan ba. Ba kiɗa, ba waƙa, ba mai ɗaga kai. Mai ciwon bayan nan ya ninke biyu kamar tabarma yana cin layi biyu a tafi ɗaya. Malamin makaranta ya cire sau-ciki ya rataya a wuya. Waɗanda suka hau dutse aka yi musu ihu suka sauko, aka ce in ba su kama lauje ba, ba mai sake ba su aron caja har abada. Sabo ya zama sarkin gayya na gaske, yana bin bayan mutane yana tsawa.

"A hankali da karan, kai! In ka zubar masa, ƙara mana wani sharaɗin zai yi!"

Suka kai kuka. Malam Salihu ya sa aka kawo masa dami ɗaya ya duba ɗaurin, ya ce a sake. Aka sake. Sannan ya naɗe kamu ɗaya, bai ƙara ko ɗan yatsa ba. Aka yi salla a gurguje a bakin gona. Dada ta kira fura, aka ce ta ajiye tukuna.

Suka kai bakin dutse, faranti guda ya ga rana. Obadiya ya juya shi ya kalli yamma. La'asar na yi, karan ƙarshe ya kwanta. Dami ya tsaya jere a kan tamfol, kai sama, daga wannan gefe har wancan.

Malam Salihu ya miƙe ya ɗauke duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya kaɗe rigar, ya sa, ya gyara wuyanta. Mutane suka zube a gefen tabarma, kowa ya tsuguna a gaban tasa yana jira, shiru kamar zaman makoki.

Shi kuwa ya dogara sanda ya shiga gonar. Ya bi inda aka tattake da safe, ya sunkuya iya yadda gwiwa ta bari. Farar ƙwaya a warwatse cikin ƙasa, tururuwa har ta kafa layi. An yi asara. Ya dangwala yatsa a harshe ya ɗauki 'yan ƙwayoyi ya tauna. Ya juya ya dubi abin da ke tsaye a kan tamfol. Zai kai su wata damina, har da saura.

Da ya dawo, rana ta yi ja, wutar ta zama sai a hankali. Wayoyin da yawa ko rabi ba su kai ba. Khuzaima ya tare shi da tasa a hannu, tana haske.

"Baba, ka ga guruf! Sabo ya sa hotonka da na damin. Ya rubuta wai samarin Sundimina sun raya al'ada. Har na Legas suna ta yabo."

"Su ma a gaishe su da aiki."

Sabo ya taso yana murza bororon da ya fito masa a tafin hannu, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, ka ga rana ta ƙare mana. Tawa ko kwana ba za ta yi ba. Gobe ma za a kafa?"

Malam Salihu ya dubi Obadiya. Obadiya ya ce mutanen Fagam ba su aiko ba tukuna.

"Za a kafa," in ji Malam Salihu. "Amma ba nan ba. Gonar gyaɗa, ta bayan makabarta. A zo da fartanya."